Cizon Jelar Ɗan Makka

Karas ɗin gidan su Yuguda ba shi da kyan gani. Gajere ne mai ƙaton kai, ja kamar an cuɗa shi da jar ƙasa. In ka ajiye shi kusa da dogon karas na irin da ake saya a gwangwani, sai ka tausaya masa. Amma daga Bagwai har Dawakin Tofa, duk wanda ya taɓa gatsarsa sau ɗaya ba ya ƙara yi masa dariya. Ana ce masa Ɗan Makka, ko da yake bai taɓa ganin Makka ba. Mahaifin Yuguda, Alhaji Dabo, shi ya zo da irin a ƙulle a bakin rawani daga wani lambu a Sudan, zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa. Mutanenmu kuwa duk abin da alhaji ya dawo da shi na Makka ne, ko da a Maiduguri ya saya.

Karas na gwangwani ba ya fure a ƙasarmu, kowace shekara sai manomi ya sayi sabon iri. Ɗan Makka yana fure, amma ba a barin sa ya yi yadda ya ga dama. A fangali guda za ka samu mai zaƙi kamar rake, ka samu lami, ka samu mai ɗan ɗaci, kuma ba wanda zai gane su da ido. Saboda haka ranar cira mai lambu zai zauna da tulin karas a gabansa, ya riƙa gatsar jelar kowanne. Wanda zaƙinsa ya kai, sai ya yanke kan kamar faɗin yatsa uku, ya datse ganyen, ya mayar da shi ƙasa. Kan nan shi zai yi toho, ya yi fure, ya ba da irin baɗi. In aka yi sake lami ya shiga cikin masu iri, shekara biyu ko uku sai ka ga suna kawai ya rage.

Alhaji ya kafa doka cewa harshe ɗaya ke zaɓe. Ya yi nasa har haƙoransa suka ƙare, ya miƙa wa Yuguda. Shi kuma Yuguda ya yi shekara talatin da ɗaya yana cizon jela a gindin mangwaron lambunsa, kuma yana ji da wannan harshe nasa fiye da yadda wasu ke ji da rawani. A gida ma bai bar shi ya huta ba. Matarsa Zuliha ba ta taɓa ajiye masa akushi ya ci ya tashi shiru ba: yau daddawa ta yi yawa, gobe kuka ta kwana biyu, jibi an ji hayaƙi.

Sai ga shekarar da aka canja kuɗi. Damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Gishiri da sabulu suka koma sai an bi layi a birni, gwangwanin irin karas ya ɓace daga kasuwa ɗungurungum. 'Yarsu Luba ta dawo gida da yaranta uku, don mijinta ya tafi cin rani Kudu, kuma rumbu ya riga ya nuna ƙasansa. Lambun ne kaɗai ya rage, shi ma rijiyarsa ta ja baya har sai da aka ƙara wa gugan jigo igiya sau biyu. Yuguda ya lissafa ruwan da idonsa, ya ga in ya matsa, zai iya shayar da kai talatin har su yi iri a bazara. A shekarun wadata sittin yake dasawa.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da yake ɓoyewa. Da kaka ya yi wani zazzaɓi na kwana tara, ya tashi lafiya, amma bakinsa bai tashi tare da shi ba. Tuwo, goro, barkono, duk ɗaya, kamar yana tauna tsumma. Ya sha saiwoyi a ɓoye, ya yi addu'a, ya lasa tokar murhu don ya gwada. Wata uku shiru. Bai faɗa wa kowa ba, don kunya ta fi ƙarfinsa, kuma kullum yana cewa gobe zai dawo.

Ranar cira ta zo bai dawo ba.

Tun da hantsi suka gama tonon fangali goma sha biyu, shi da maƙwabcinsa na lambu, Kassimu. Wannan Kassimu shi ne kan gaba wajen tsokanar Ɗan Makka a da, yana ce masa wada. Bana da ya rasa irin gwangwani, fangalinsa na nan fayau, sai ya dawo mai ladabi. Yuguda ya yi masa alkawarin iri in Allah ya kai su, shi ya sa ya zo taya aiki ba a kira shi ba. Suka wanke karas a bakin rijiya, suka cika buhu shida. Basiru, mai sayen kayan lambu ya kai birni, zai zo da motarsa bayan la'asar. Buhunan nan shida su ne geron gidan har faɗuwar ruwa.

Yuguda ya ware guda arba'in ya zauna a gindin mangwaro. Arba'in kawai, domin karas mai cizo ba ya sayuwa, kowace jela da ya gatsa loma ce ya cire daga bakin jikokinsa. Kassimu ya tsuguna a gefe yana kallonsa kamar mai kallon malami zai buɗe littafi.

Ya ɗauki na farko ya gatsa. Ya ji ƙarar a kunnensa, ya ji sanyin ruwan a dasashinsa, ban da wannan babu komai. Duk da haka ya lumshe ido, ya gyaɗa kai yadda ya saba.

"Ya yi?" in ji Kassimu.

"Ya yi."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai santsin jiki da cikar kai ya ce ya yi, mai ɗan karkata ya jefar gefe yana yamutsa fuska. Sau ɗaya ma har da tofarwa, don wasan ya yi kyau. Ya san ido ba ya zaɓe, Alhaji ya faɗa masa haka tun yana saurayi, amma mutumin da ke jin kunya ba ya rasa abin da zai gaya wa kansa. Ya ce ai duk jini ɗaya ne, Allah zai sa a dace. Kafin azahar kai talatin suna ƙasa, an shayar da su. Ya tattara gindin waɗanda ya zaɓa a ƙwarya ya nufi gida, domin tun zamanin Alhaji wannan rabon uwargida ne.

Ya yi salla, ya kishingiɗa a ɗakinsa yana jiran la'asar. Bai jima ba sai ga Zuliha ta ɗaga labule, ƙwaryar a hannunta. Ta zauna a bakin tabarma, ta ajiye ta a tsakaninsu.

"Malam, waɗannan su ka dasa?"

"Su ne. Me ya faru?"

"Na ci bakwai. Biyu lami ne, ɗaya har da ɗaci. Sauran huɗun kuwa karas ne dai, irin wanda kowa ke da shi."

Yuguda ya tashi zaune. "Yanzu ke za ki koya mini Ɗan Makka? Kin taɓa riƙe igiyar jigo?"

"Ban taɓa ba," in ji ta, ko gezau. "Amma shekara talatin da ɗaya kana kawo mini ƙwaryar nan ina cinyewa. Kai jela kake gatsa ka tofar, ni ce mai cin sauran. In ban san abin da kake zaɓa ba, wa ya sani?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ta riga shi.

"Kuma tun watan jiya gishirinmu ya ƙare, sai da Luba ta samo ɗan ƙulli. Kwana huɗu ina ba ka miya babu ko ƙwaya. Ka ce miya ta yi daɗi. Malam, tunda aka kawo ni gidan nan ba ka taɓa cewa miyata ta yi daɗi ba. A ranar na shiga ɗaki na yi kuka, don na san ba lafiya ba."

Yuguda ya sunkuyar da kai. Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Abin da ya zo shi ne wani irin sauƙi, kamar an sauke masa kaya, tare da baƙin ciki mai nauyi, har idonsa ya cika.

"Ya tafi, Zuliha," ya ce a hankali. "Tun zazzaɓin nan. Ko barkono ba na ji."

"Na sani. Na yi shiru ne ina jira ka faɗa da bakinka. Ban zaci za ka kai abin har lambu ba."

"To yanzu ya zan yi? Na riga na dasa. Sauran suna buhu, Basiru na hanya."

"A kwance buhun."

"Kin san abin da kike faɗa? Kafin a samu talatin na gaske sai an ciji ɗari biyu ko fi. Wa zai sayi cizajjen karas? Yaran Luba fa?"

Zuliha ce ke auna geron gidan da safe, ta fi shi sanin abin da ya rage. Duk da haka ta ce, "Cizajjen karas ba ya sayuwa, amma yana ciyuwa. Za mu ci shi. Yunwar bana da wuya, amma za ta wuce in Allah ya so. Wannan kuwa in ya lalace, ina za ka koma ka samo? Sudan?"

"Alhaji ya ce harshe ɗaya."

"Ai ɗaya ne. Nawa."

Ta miƙe ta ɗauko mayafinta. Rabon Zuliha da lambun nan tun Luba na goye. Yuguda na gaba, tana biye da buta da wuƙar yankan kuɓewa, mutanen da ke zaune a inuwa suna binsu da kallo. Shi dai bai ɗaga kai ba.

Kassimu na nan yana gadin buhuna. Ya ga Yuguda ya wuce shi, ya durƙusa a fangalin da suka dasa ɗazu, ya fara tumɓuke kawunan ɗaya bayan ɗaya.

"Subhanallahi! Malam Yuguda, lafiya?"

Nan ne wurin da ya fi wa Yuguda wuya. Yana iya cewa tsutsa ya gani, Kassimu zai yarda. Amma ya gaji da ƙarya, ta safe ma ta ishe shi.

"Kassimu, abin da na yi ɗazu a gabanka wasa ne. Wata uku ke nan bakina bai san gishiri da ƙasa ba. Da ido na zaɓa. Da na ba ka irin waɗannan, da na cuce ka, na cuci mahaifina."

Kassimu ya dubi Zuliha da wuƙar hannunta, ya gane abin da ya kawo ta. Sannan ya ce, "Allah ya ba ka lafiya. Wane buhu za a fara kwancewa?"

Aka shimfiɗa wa Zuliha buhu a gindin mangwaro. Ta yi bisimilla, ta ɗauki na farko, ta gatsa jelar da haƙoran gefe, don na gaban sun fara girgiɗi. Ba ta lumshe ido, ba ta gyaɗa kai. Taunawa take kawai, ta ce "a'a," ta jefa a kwando. A'a. A'a. Sai a na goma sha huɗu ta tsaya, ta sake gatsa, ta miƙa wa mijinta ba tare da ta dube shi ba.

"Wannan."

Wani ɗan karkatacce ne mai tabo a kafaɗa, irin wanda da safe zai jefar yana yamutsa fuska. Yuguda ya karɓa da hannu biyu, ya yanke kan, ya datse ganyen, ya kai shi ƙasa.

Suna cikin buhu na biyu motar Basiru ta tsaya a bakin shinge. Ya shigo yana kaɗa makulli, ya ga tsohuwa zaune a kan kayansa tana cizo tana jefarwa, ga kwando ya cika ya tumbatsa.

"Baba! Me nake gani haka? Inna, kayan mutane ne fa! Baba, buhu shida muka yi da kai!"

"Huɗu za ka ɗauka," in ji Yuguda.

"Na riga na yi wa mutane alkawari a birni!"

Zuliha ta kurkure baki ta zubar. "Basiru, zo nan." Ta gutsuro gindin wanda ta zaɓa yanzu ta ba shi, ta ba shi wani daga kwandon. "Ci wannan, ka ci wannan. To, wanne kake so ka zo ka saya baɗi?"

Basiru ya tauna, ya tauna, ya yi tsaki. Ya ɗora buhu huɗu a mota yana mita har ya tayar, amma an lura bai mayar da guntun na farkon ba.

Aikin ya fi yadda Zuliha ta zata. Harshe yana gajiya, bayan kowane goma sai ta kurkure baki ta huta, in ba haka ba duk su zama ɗaya. Muƙamuƙinta ya yi tsami, dasashinta ya fara jini. Da rana ta yi ja, buhu biyun sun ƙare, kai ashirin da uku ne a ƙasa.

"Saura bakwai," in ji Yuguda. "Ga waɗancan da kika ce sun kusa."

"Sun kusa, ba su kai ba. Ka ba ashirin da ukun ruwan talatin."

Ya dube ta. Maganar Alhaji ce sak, ko da yake ba ta taɓa jin ta daga bakinsa ba. Ya miƙe ya nufi rijiya.

Gidan Yuguda suka ci karas a shekarar nan har suka gode Allah. An ci shi ɗanye, an ci a fate, an yayyanka an shanya a kan rufin ɗaki an zuba a miya. Ƙaramar 'yar Luba ta kai in ta ga ja a akushi sai ta fashe da kuka. Geron da aka saya da kuɗin buhu huɗun bai kai su faɗuwar ruwa ba, sai da aka sayar da tunkiyar Zuliha, aka koma cin tuwo sau ɗaya a yini. Ba wanda zai ce ba a sha wahala ba. Akwai ranakun da Yuguda ya ga jikokinsa sun lashe akushi suna kallon tukunya, ya fita daga gidan don ba zai iya kallo ba, yana tambayar kansa ko buhu biyun nan ba zalunci ba ne.

A lambu kuwa, kwana tara da dasawa kawunan suka yi toho, kore shar. Da zafi ya tsananta rijiya ta koma laka, shi da Kassimu suka shiga suka yashe ta har gaba biyu, suna fito da ruwa rabin guga rabin guga. Huɗu suka ruɓe. Goma sha tara suka miƙe har ƙugun mutum, suka buɗe fararen furanni masu faɗi kamar faifai, ƙudan zuma suka taru a kansu. Da suka bushe, Zuliha ta murje su a tafin hannu, ta sheƙe, ta gauraya da toka ta zuba a gora. Bai kai rabin abin da aka saba samu ba. Duk da haka Yuguda ya auna wa Kassimu nasa, ya ƙulla wa wasu mutum uku kaɗan kaɗan.

Damina ta gaba ta ɗan yi dama dama. Mijin Luba ya dawo ya kwashi iyalinsa. Da sanyi ya shigo aka shuka irin, ya fito, ya rufe fangali. Amma ganye ba ya faɗar abin da ke ƙasa, kuma bakin Yuguda bai dawo ba. Ya riga ya daina jira. Wata uku yana ban ruwa da tambaya ɗaya a ransa: shin Ɗan Makka ne yake shayarwa, ko wani karas ne mai sunansa?

Ranar da ya ga kafaɗun sun fara tsaga ƙasa, bai jira ranar cira ba. Ya zare guda biyar daga fangali dabam dabam, ba zaɓe, ya wanke su a bakin rijiya, ya zuba a aljihun riga. Ya taho gida da sauri har yana tuntuɓe, dattijo da shi.

Zuliha na tsakar gida tana tsince wake. Ya tsuguna a gabanta, ya miƙa mata ɗaya. Ta goge shi a gefen zane, ta gatsa jelar. Ta tauna. Ta sake gatsa, wannan karon babba. Yuguda na kallon bakinta, yana kallon idonta, bai ga komai ba. Ta ci gaba da ci har ta kai kan, ta jefa wa akuya ganyen.

"Miƙo wani."

Ya miƙa. Ta cinye shi tas, shi ma har kai.

"Zuliha, don girman Allah. Ba ki ce komai ba."

"Ina ci kana tambaya?" Ta miƙo hannu. "Kawo na ukun. Kuma gobe ka aika a gaya wa Basiru ya zo da manyan buhuna."

Sai a lokacin ya ga hawaye yana bin kumatunta tana taunawa. Yuguda ya zauna daɓas a ƙasa. Murna ta cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ya ciro na huɗun ya gatsa da kansa. Bai ji komai ba sai ƙara da sanyin ruwa, amma ya cinye shi duka, a hankali, yana kallon matarsa.